Manhajata ta tsaya cak a kan sunan Sa'adatu

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Na sa ChatGPT ya rubuta mini manhajar ajiye sakamakon jarrabawa ta wata Islamiyya. Komai na tafiya daidai, amma da aka shigar da sunan Sa'adatu sai ta tsaya cak. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, hamzar da ke cikin sunan ce. A yaren SQL, wanda manhaja ke magana da rumbun bayanai da shi, wannan alamar ce ke buɗe rubutu ta kuma rufe shi. Rumbun ya karanta "Sa", ya ga alamar, ya ɗauka sunan ya ƙare, ya rasa yadda zai yi da "adatu". Da Nafi'u ko Sa'idu aka fara shigarwa, da haka ɗin zai faru.

Kada ka cire hamzar daga sunayen yara, sunansu ba shi da laifi. Gyara manhajar ta riƙa aika umarni daban, bayani daban, abin da masu sana'ar ke kira prepared statement. Yi shi yau, domin ta wannan kafar ce masu kutse ke cusa nasu umarnin su kwashe bayanai ko su goge su.

Abin da ya fi damuna shi ne ka miƙa aikin da ba ka karanta ba. Ban hana ka neman taimakon na'ura ba, ni ma ina nema, amma kai iyaye za su tuhuma ranar da maki ya ɓace. Ga misalin abin da dogaro da manhajar da ba a gwada sosai ba ke jawowa: ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta daga Kourou, a Kudancin Amurka. An ɗauko wani sashen manhajarta daga Ariane 4, inda ya daɗe yana aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi sauri, sai wata lamba ta yi wa gurbin da aka tanadar mata a manhajar, mai bit 16, yawa.

Saboda haka zauna ka takura wa manhajarka da gangan. Saka suna mai ƙ, ɗ da ɓ. Idan alamar tambaya ta fito a madadinsu, mayar da rumbun kan UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa da ya san irin waɗannan. Bar gurbin maki fanko. Rubuta 105 inda iyaka 100 ce. Kashe kwamfutar tana tsakiyar ajiya, kamar an ɗauke wuta, ka kunna ka duba abin da ya saura. Duk layin da ba ka gane ba, turo mini mu duba tare kafin ka mayar wa makarantar.