Me ya sa kimba ta ƙi tsirowa a Argungu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce a Argungu, kuma damina biyu ke nan ina shuka ƙwayar kimba a bayan ɗakina, amma ko tsiro ban gani ba. Shin matsalar daga irin take ko daga ƙasar? Na kuma ji an ce danginta ɗaya da gwandar daji.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar tana ɓangarorin biyu, sai dai ta ƙasar ta fi girma. Kimbar da kike saya a wurin masu kayan yaji ta sha shanya, wani lokaci ma da hayaƙi aka busar da ita, saboda haka da wuya ƙwayar da ke cikinta ta tsira. Ko da ta tsira, ba lallai ta kai labari ba, domin kimba, wadda masana tsirrai ke kira Xylopia aethiopica, bishiyar kurmi ce da kan kai tsawon mita 20, ba ta kaɗe ganye da rani, kuma ta fi son inda ruwan sama ke haura milimita 1,500 a shekara. Ruwan da ake samu a yankinku bai kai milimita 1,000 ba, ga hunturu da zafin bazara da ke ƙona ƙaramin dashe. Daga dazuzzukan kudu fatake ke kawo mana ita, inda Yarbawa ke kiranta eeru, Ibo kuma uda. A kan bishiya 'ya'yanta kan fito a dunƙule kamar yatsun hannu, sai an busar da su suke yin baƙi-baƙi. Ƙamshin da kike nema a kunu da yajin jego ya fi yawa a ɓawon, ƙwayar kuwa ɗaci gare ta, shi ya sa wasu mata ke cire ta kafin daka.

Zancen dangantaka gaskiya ne, dukansu 'yan dangin Annonaceae ne, mai nau'o'i sama da 2,000, akasarinsu a kurmi. Gwandar daji, wato Annona senegalensis, tana cikin 'yan kaɗan da suka saba da ƙasa irin tamu, kuma abin yana damuna yadda sharar gona ke rage ta a dazuzzukanmu. Shawarata ita ce ki nemi nunanniyar gwandar daji, ki ɗan kankare bayan ƙwayar don ruwa ya shige ta, ki shuka a farkon damina a gurbin da kika tanadar wa kimba.