Amsa kan jirgin bama-bamai Il-28

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Najeriya ta taɓa mallakar jirgin jefa bama-bamai na gaske. Ƙwarai kuwa, Ilyushin Il-28, ƙirar Tarayyar Sobiyet. An yi amfani da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma matuƙa 'yan Masar ne suka fara tuƙa shi.

Ina saurayi na yi aikin kanikanci a jikinsa, kafin na yi ritaya na zauna nan Agege. Mutum 3 yake ɗauka: matuƙi, mai duba hanya a cikin hancin gilashi, sai mai bindiga can wutsiya shi kaɗai, wanda kullum nake tausaya wa. Injinansa 2 ne, Klimov VK-1, kowanne a ƙarƙashin fiffike. In aka tayar da su, ko ka toshe kunne sai ka ji ƙarar a ƙirjinka. Rubutun jikin na'urorin duk da Rashanci yake, sai muka haddace su da ido. Ƙarfe ne mai ƙwari, ba ya wahalar gyara.

In kana son ganinsa, ba a Legas ba, sai ka je gidan tarihin yaƙi na Umuahia a jihar Abiya.