Na'urar "kwantam", kyanwar akwati da hawan jini: likita ya amsa

Tambaya: Likita, an kawo wata na'ura unguwarmu a Birnin Kebbi, wai ita "kwantam". Ka riƙe ɗan ƙarfe minti ɗaya, kwamfuta ta zayyano maka cutar hanta da ƙoda, sai a tallata maka magani. Gaskiya ce? (Wata uwargida)

Amsa: Hajiya, ƙulle kuɗinki a bakin zane. Ƙarfen da aka damƙa a tafin hannu ba ya leƙa hanta. Da gwajin jini da fitsari ake gano waɗannan. Ko gubar dalmar da ta hallaka yara a Anka da Bukkuyum a 2010, a jini ake auna ta.

Tambaya: Na karanta cewa a kimiyyar kwantam abu ba ya tabbata sai an dube shi. Ashe in mahaifina bai auna hawan jininsa ba, babu shi ke nan? (Ɗalibi, Gusau)

Amsa: Kai ɗana, har ka sa ni murmushi. Kwantam kimiyya ce ta ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda da su aka yi kowane abu. Muhawarar gaskiya ce, manyan masana kimiyya sun yi ta. Niels Bohr na ganin ba a maganar inda ƙwayar lantarki take kafin a auna ta. Einstein ya ce sam, duniya na nan ko an duba ko ba a duba ba. A 1935 Schrödinger ya kawo misalin kyanwa a akwati, wai tana raye kuma tana mace, don ya nuna maganar ba ta zauna ba in an kai ta kan manyan abubuwa. John Bell ya fitar da hanyar gwada wani ɓangare na muhawarar a 1964, waɗanda suka gwada suka ci kyautar Nobel a 2022, amma fassarar har gobe ana ja-in-ja a kanta. Sai dai "dubawa" a bakinsu na nufin ƙwayar ta yi cuɗanya da na'ura ko abin da ke kewaye da ita, ba idon mutum ko tunaninsa ba. A jikin Baba kuwa, ƙwayoyi na gogar juna dare da rana. Jinin da ya haura 140 bisa 90 yana cin jijiya a ɓoye, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Kai shi a auna.

Tambaya: An rubuta mini hoton MRI, ina tsoro. (Magidanci, Argungu)

Amsa: Malam, nan ne kwantam ke aikin asibiti da gaske: maganaɗisu da ƙwayoyin haidurojin na ruwan jikinka ne ke fitar da hoton cikin jiki, babu hasken eksire a ciki. Ƙara ce kawai za ta dame ka. In akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinka, faɗa musu kafin ka shiga.