Hukuncin fita da 'yan makaranta gyaran bakin gulbi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mazaunin Sakkwato ne, ta wajen Kwalkwalawa. Makarantar da ɗana yake, yana aji biyar na firamare, ta kafa ƙungiyar yara masu kula da gulbi da tafkuna. Sukan fita da su wata Asabar su tsince leda a bakin ruwa, su dasa itatuwa, a kuma riƙa hana su harbin tsuntsaye. An aiko mini da takarda in sa hannu. Maƙwabcina ya ce wannan bautar da 'ya'yan mutane ne, kuma aƙidar Turawa ce ake cusa musu. Ga shi Asabar da safe yana da Islamiyya. In sa hannu ko in ƙi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin wannan aiki halal ne, har ma abin so ne, kuma yaro yana samun lada a kansa. Amma sa hannunka yana da sharuɗɗa, don Shari'a ba ta wasa da ran yaro ko lokacin karatunsa.

Maganar cewa aƙidar Turawa ce ba ta da tushe. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kada ɗayanku ya yi fitsari a ruwan da yake tsaye, ba ya gudu, sa'an nan ya yi wanka a cikinsa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa a guji abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwa. Kawar da abin cutarwa daga hanya kuwa reshe ne na imani, kamar yadda ya zo a Muslim. In ƙaya a kan hanya tana da wannan matsayi, ina ga kwatar da ake sako wa ruwan da mutanen ƙasan gulbi za su ɗiba su sha, su yi alwala, su shayar da lambun albasa? Ko da wani ya zo da shirin daga waje, hukuncin yana bin aikin ne, ba wanda ya kawo shi ba.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji, har daga bakin ɗalibai. Sun karanta a fiƙihun Malikiyya cewa najasa ba ta ɓata ruwa sai ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, sai su ce ai gulbi ba ya ƙazanta. Wancan hukunci na tsarki ne, wato ko alwala ta inganta da ruwan. Bai ba kowa izinin zuba ƙazanta ba. Babin cutarwa daban yake, kuma Imamu Malik da kansa ya kawo hadisin "ba cuta, ba cutarwa" a cikin Muwaɗɗa. Ruwa yana iya zama garau a ido, alwala ta inganta da shi, alhali yana ɗauke da tsargiya.

Tsargiyar nan ita ce ta sa nake ganin wannan darasi ya fi zama dole ga yaran fadamar Rima. Mai cutar ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙananan dodon-koɗi ya girma, sa'an nan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. Ba sai an sha ruwan ba. Yaro ya fara fitsarin jini, wasu iyaye ma su ɗauka alamar balaga ce, alhali cuta ce mai lalata mafitsara, kuma tana da magani a asibiti. Malamin da ya tsayar da yara a bakin kududdufi ya nuna musu dodon-koɗin da sanda, ya karanta musu hadisin ruwan tsaye, ya haɗa musu ilimi biyu a wuri guda, kuma da wuya su manta.

Batun tsuntsaye ma haka. Ibnu Mas'ud ya ce a wata tafiya sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta fuffuka a kansu, Manzon Allah ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ibnu Umar ya iske samari sun ɗaure tsuntsu suna koyon harbi da shi, ya gaya musu Annabi ya la'anci mai yin haka. An hana jifa da tsakuwa, a hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal, saboda tana karya haƙori tana tsiyaye ido. Wannan shi ne danƙon da yaranmu suke ratayawa a wuya. Kuma kurciyar da dutse ya kashe kafin a kai ga yanka ta mushe ce, ba ta ciwuwa. An hana kashe kwaɗo ma, a ruwayar Abu Dawuda. Sai dai kada malaman makaranta su wuce gona da iri su ce wa yara kashe kowace dabba zunubi ne. Maciji da kunama ana kashe su, tsuntsayen da suka sauka a kan gero da shinkafa ana korar su, kamun kifi da farauta don ci halal ne. Abin da aka hana shi ne kisan wasa, da azabtarwa, da irin masu zuba guba a tafki su kashe kifi babba da yaro, su bar wa jama'a ruwan. Masuntan Argungu sun daɗe da sanin amfanin kame hannu: ana tsare kogin Matan Fada daga kamun kifi har lokacin biki, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa.

To, maƙwabcinka bai rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, ya faɗa a littafinsa na ladubban malamai cewa bai halatta malami ya aiki yara buƙatun kansa ba. Saboda haka in gyaran ya koma noman lambun hedimasta, ko ana tara yara ne kawai a ɗauki hoto a karɓo kuɗin wata ƙungiya, to ya fita daga abin da muka halatta. Abin da ya halatta shi ne aikin da yaron ne yake amfana da shi ta fuskar tarbiyya, kamar yadda matan Sahabbai suke sa ƙananan yara azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu don su daure. Yaro ba mukallafi ba ne, koyo yake yi. Yashe magudanar ruwa da kwashe juji kuwa nauyin manya ne da hukuma. Ba yara suka cika kwalbatocin gari da ledar fiyawata ba, kuma bai dace mu aza musu kwasar abin da muka zubar ba, mu muna zaune a majalisa.

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne tsare rai. Imamu Malik ya ce a Muwaɗɗa, wanda ya umarci yaro ya sauka rijiya ko ya hau dabino, yaron ya halaka, to lamunin yana wuyan wanda ya umarce shi. Malaman da za su fita da yara su san wannan. Gulbin Rima ba abin rainawa ba ne, wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya sani. Ruwan yakan ƙaru a ƙarshen damina, musamman in an saki na madatsar Goronyo, kuma ramukan masu haƙar yashi ba sa nuna zurfinsu daga sama. Don haka a yi fitar da rani. Yara su tsaya a tudu, kada ƙafar kowa ta taɓa ruwa, kada a sa su a kwale-kwale. Su sa takalmi, a ba su safar hannu ko sandar tsinta, allura da fasasshiyar kwalba babba ne zai ɗauka. Manya su wadata, har da wanda ya iya ruwa, mata kuma da malama tasu.

Saura Islamiyya. Karatun Alƙur'ani da sanin farillan alwala da salla sun fi wannan fita ƙarfi, ba a ture su dominta. Ku iyaye ku haɗu ku nemi makaranta ta mayar da ita Alhamis da yamma, lokacin da allo da Islamiyya suke hutu. In ta kama dole sai Asabar, kuma sau ɗaya ne a zango, ka nemi izinin malaminsa ya rama haddar da ya rasa. In kowane mako ne, kada ka yarda.

Ka je makarantar da ƙafarka ka tambayi inda za a kai su, da wanda zai tsare su, da ko za su shiga ruwa. In amsar ta gamsar da kai, sa hannu, kuma ranar farko ka bi su ka gani. In sun kasa ba ka amsa, riƙe ɗanka, babu laifi a kanka.

Allah ne mafi sani.