Amsa ga malamin da barci ya ƙaurace wa tun lokacin korona

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce tun shekarar korona barci ya ƙaurace maka, da ka ga saƙon ɗalibi sai gabanka ya faɗi, kana tambaya ko ragwanci ne. Wallahi ba ragwanci ba ne. Ni ma ina koyarwa a wata jami'a a nan Legas, kuma na ɗanɗana.

Tuna yadda abin ya zo mana. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka samu mai cutar na farko a garin nan, ƙarshen Maris aka kulle Legas. A watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da ya kai Disamba. Albashi ya tsaya, ga kuɗin haya a Agege, ga dangi na kira daga gida, don a ganinsu na Legas ba ya rasawa. Da aka koma a 2021 aka ce a cike giɓi a gurguje, wasu darussan ta Zoom. Data daga aljihunka, man janareto daga aljihunka, kana tsakiyar bayani layi ya yanke.

Amma abin da ya fi cin jikina WhatsApp ne. Lambata ta shiga hannun ɗalibai ɗaruruwa, gida ya koma ofis. Ƙarfe ɗayan dare wani zai turo babin bincikensa, da asuba ya sake tuni. Ban ga laifinsu ba, su ma kusan shekara suka yi asara. Sai na wayi gari ina yi wa yara tsawa babu dalili, kai na sarawa kullum. Uwargida ce ta matsa na je asibiti, likita ya auna ya ce jinina ya hau.

Daga nan na sayi layi na biyu don aiki kaɗai, da an idar da Isha'i nake kashe shi. Saƙon aji kuma ta hannun wakilin aji kawai. Na fara zama da abokan aiki biyu bayan Juma'a, ashe kowa ɓoye nasa yake yi.

Don Allah ka je a auna jininka a makon nan, ka faɗa wa likita maganar barcin dalla-dalla. In ya tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kada ka ji kunya, masu damuwa da rashin barci ma can suke zuwa. In kana so, yi min magana mu je tare.