Ƙirga motoci kaɗai ba ya isa

Malam, ka tambaya yadda ake sanin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi zai samu fasinja tun kafin a kashe kuɗi. Da ƙirga motoci ake farawa, amma ranar da aka ƙirga ita ce magana. Tsaya bakin hanyar Daura zuwa Mai'aduwa ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, ka ga tireloli maƙare da shanu, ka dawo Talata, sai ka rantse wata hanyar ce. Sannan a tambayi direbobi inda suka ɗauko kaya da inda za su sauke, a auna kuɗin mota da lokaci. Abin da ya fi damuna iyakar Nijeriya da Nijar ce. Da aka rufe ta a 2019, zirga-zirgar Jibiya, garin da ke bakin iyakar, durƙushewa ta yi.