Kifi ya isa Abuja, amma bai isa hannun mai saye ba

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Haɗeja ta aiko da tambaya. Tana sayar da bandar kifi da yajin daddawa ta WhatsApp, kuma yawancin masu sayenta ma'aikata ne mazauna gidajen bene a Abuja. Takan ba direba saƙo ya sauke a tashar Jabi ko Utako, sai kaya su kwana biyu ba a ɗauka ba, mai saye kuma ya dawo yana mita. Mene ne mafita?

Hajiya, ki fara duba yadda mutumin nan yake wuni. Da sassafe ya bar Lugbe ko Gwarimpa, ba zai dawo ba sai bayan magariba. Direba ya kira shi da azahar yana ofis, ba zai bar aiki ya nufi tasha ba. Ko gida aka kai masa, akwai maigadi a bakin get, kuma a rukunin gidaje da dama ba a barin ɗan aike ya shiga sai mai gida ya yi waya. Kifi kuwa ba ya jure zaman ɗakin maigadi. Kwali zai jiƙe da mai, tururuwa ta bi sahu, ke za a zarga.

Abin da kike buƙata shi ne amintaccen mutum guda a Abuja. Mai shagon kayan masarufi da ke kusa da get ya fi dacewa, domin yana buɗe har dare, kuma mai saye zai biya ta wajensa a hanyar komawa gida. Ku yi yarjejeniya tun farko kan ladan kowane ƙunshi, kada ki bar shi a matsayin alfarma, alfarma tana gajiya.

Sannan ki daina aika saƙo ɗai-ɗai. Ki tsayar da rana guda a mako, misali Alhamis, ki haɗa odar kowa a buhu ɗaya. Kuɗin mota zai ragu sosai, kayan kuma su isa dab da Asabar, lokacin da mutane ke gida. Wanda ya nisanta da shagon, mai babur ɗin kai saƙo ya kai masa da yamma.

Ki zuba kifin a leda biyu, ki sa a roba mai murfi. A jiki ki rubuta suna, unguwa, lambar gini, hawa na nawa, da lambar waya biyu, ki ɗauki hoto ki tura wa mai shi.

Kuɗin kai saƙo kuma ki faɗe shi daban tun kafin a biya, na mota da na mai shago da na babur. Kada kaya su bar Haɗeja sai kin ga alat.